Rama da Yakuwa: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Akwai tsire-tsire biyu waɗanda kusan kowane gida a ƙasar Hausa ya taɓa ci daga cikinsu, amma ba kowa zai iya rarrabe su ba idan ya tarar da su tsaye a bakin gona. Su ne rama da yakuwa. A cikin tukunya ko a kan faifan mai talla babu wuya. Wuyar tana can inda suka fito da kansu, a saura, ko gefen hanya, ko bayan danga, inda ba wanda ya shuka su balle ya gaya maka sunansu. Ga kuma wata 'yar'uwarsu ta daji wadda takan shiga tsakani ta ƙara dagula lissafi. Ina so in rubuta abin da na sani a kan wannan, rabi daga bakin iyayena mata, rabi kuwa daga littattafai, gama na lura 'ya'yanmu na yanzu suna shan zoɓo kullum, amma da yawansu ba su taɓa ganin uwar da ta haife shi ba.

Gida ɗaya suka fito

Ba laifin mai kallo ba ne idan ya ruɗe, domin rama da yakuwa 'yan ɗaki ɗaya ne. Masanan tsire-tsire sun sa su cikin zuriya guda wadda suke kira Hibiscus da harshen Latin. Wani masani mutumin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa musu sunayen da duniya take amfani da su har wa yau. A 1753 ya kira yakuwa Hibiscus sabdariffa, a 1759 kuma ya kira rama Hibiscus cannabinus. Dukansu biyu 'yan asalin Afirka ne, daga nan aka kai su Indiya da sauran ƙasashe masu zafi.

Babban danginsu kuwa duk mun san su. Akwai auduga, da kuɓewa, da lalo, har ma kuka da rimi bisa ga lissafin masana na zamanin nan. Wanda ya ɗauki furen kuɓewa da na auduga da na rama ya jera su a tafin hannunsa, zai ga jini ɗaya ne.

Duk da wannan kusanci, kowace tana riƙe da gadonta. A cikin ƙwayoyin jikin kowane tsiro akwai waɗansu 'yan zare-zare masu ɗauke da halin iyaye, ana ce da su kuromosom. Rama tana da 36, yakuwa kuwa 72. Saboda haka ko an shuka su a kunya ɗaya, da ƙyar ƙwarai su yi barbara da juna. Na sha jin manoma suna cewa yakuwarsu ta rikiɗe ta zama rama domin sun yi maƙwabtaka. Abin da yakan faru shi ne iri ya gauraya tun a wurin sussuka, ko a cikin ƙwaryar ajiya, ko kuwa gyauron bara ne ya tsiro a wurin.

Shaidu uku da ba a dogara da su

Shaida na farko da yakan yaudari mutum shi ne fure. Furen rama da na yakuwa suna da kunnuwa biyar-biyar, launinsu fari mai ɗan rawaya, tsakiyarsu kuwa ja wur mai duhu kamar an ɗiga jini. Dukansu sukan buɗe da safe, kafin la'asar sun yanƙwane, kwana ɗaya ke nan ransu. Gaskiya ne furen rama yakan fi girma, na yakuwa kuma yakan juya ya yi ja-ja sa'ad da yake yanƙwanewa. Amma sai an ajiye su kusa da juna ake ganin haka, a daji kuwa ba kullum ake samun su tare ba.

Shaida na biyu shi ne launin kara. Yara sukan ce mai jan kara ita ce yakuwa, mai koren kara ita ce rama. Sau da yawa haka ne, amma akwai farar yakuwa wadda karanta kore ne shar, akwai kuma jar rama. Wanda ya tsaya a kan launi kaɗai, ranar da ya gamu da waɗannan biyu zai ba kowace sunan 'yar'uwarta.

Shaida na uku shi ne siffar ganye, wannan kuwa ya fi duka wayo. Sa'ad da suke ƙanana, ganyen rama da na yakuwa duk ba su da tsaga. Sai sun tasa ganyen sama yake rabuwa ya yi yatsu. Na rama yakan yi yatsu 3 zuwa 7, sirara, masu tsini. Na yakuwa yakan yi 3 zuwa 5, masu ɗan faɗi da kauri. To, amma akwai irin ramar da ganyenta ba ya tsagewa ko kaɗan har ta tsufa. A jikin tsiro ɗaya ma ganyen gindi dabam, na ƙoli dabam. Ganye yana taimako, amma ba a yanke hukunci da shi kaɗai.

Abin da hannu da harshe suke faɗa

A ƙauyenmu, kudancin ƙasar Katsina, aikin tsinko ganyen miya na yara ne. Kakarmu ta wajen uba ita ce malamarmu a wannan fanni, ba ta kuwa taɓa shiga aji ba. Idan ta kai mu bakin gona, ba ta fara da cewa mu duba ba. Sai ta kama hannun yaro ta ɗora a jikin kara, ta ce, “Shafa daga ƙasa zuwa sama, jikalle, a hankali. Me ka ji?”

Idan yaro ya ce, “Kaka, yana sukana,” sai ta ce, “To, rama ke nan, ko wata 'yar'uwarta.” Idan ya ce, “Sumul yake,” sai ta ce, “Ka kusa gidan yakuwa, saura ka yi sallama.”

Abin da take koya mana daidai yake da abin da na tarar a rubuce daga baya. Karan rama yana da 'yan ƙananan ƙayoyi a warwatse, har a jikin tsinken ganyen. Ba su kai su fasa fata sosai ba, amma hannu ba ya mantuwa da su. Karan yakuwar da muke shukawa kuwa santsi gare shi, har yana ɗan ƙyalli.

Tsayuwarsu ma dabam ce. Rama takan miƙe sama zar kamar gora, musamman idan an shuka ta da kauri, har ta kai mita 3 ko 4 a ƙasa mai kyau, rassanta kaɗan. Yakuwa takan tsaya wajen mita 1 zuwa 2, ta baza rassa tun daga gindi kamar mace ta zauna ta baje zane. Daga nesa wannan ne abin da manomi yake fara gani.

Sallamar da Kaka take nufi ita ce ɗanɗano. Ganyen dukansu yana da tsami, amma tsamin yakuwa ya fi kaifi, yana kama dasashi nan take. Na rama yana zuwa a hankali, da ɗan bauri a bayansa. Sai dai Kaka ta kafa mana doka a nan: ba a kai ganye baki sai hannu da ido sun riga sun yarda cewa ɗayan biyun nan ne. Daji yana da tsire-tsire masu dafi, yaro kuwa bai kamata ya mai da bakinsa wurin gwaji ba. Ina roƙon iyaye su riƙe wannan doka.

Ƙoƙon fure ba ya ƙarya

Idan kana da haƙuri ka jira ƙarshen damina, gardama ta ƙare. Yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarcewa, wajen Satumba zuwa Oktoba. Sa'an nan sai ka juya furen ka dubi bayansa, wurin ɗan ƙoƙon nan mai baki biyar wanda yake riƙe da kunnuwan furen.

A jikin yakuwa, bayan furen ya faɗi, ƙoƙon ba ya bushewa. Sai ya yi ta kumbura yana yin nama, ya lulluɓe kwanson irin, ya yi kauri da ruwa-ruwa, idan ka karya shi ya yi ƙas. Wannan shi ne zoɓo, ko zoɓorodo, ja ko fari bisa ga irin yakuwar. Mutane da yawa suna tsammani furen ake sha. A'a, furen ya riga ya faɗi tun tuni, ƙoƙon da ya bari a baya shi ne muke shanyawa.

A jikin rama ƙoƙon ba ya yin nama ko kaɗan. Yakan tsaya siriri, mai tauri, bakunansa biyar masu tsini, jikinsa cike da gashi mai kaushi. Ka dube shi da kyau a hasken rana, za ka ga wani farin gashi lallausa kamar saƙar gizo-gizo ko ɓurɓushin auduga kwance a tsakanin jijiyoyinsa. Ka riƙe wannan alama, za mu dawo kanta. Kwanson irin rama kuma yana da ƙaiƙayi, duk wanda ya taɓa sussukarta da hannu tsirara ya san haka.

Iri ma yana da nasa bayani, wannan kuwa shi ya fi muhimmanci ga mai zuwa kasuwa. Irin yakuwa, wanda muke kira gurguzu, launin ƙasa-ƙasa ne, a lanƙwashe kamar 'yar ƙanƙanuwar ƙoda. Irin rama toka-toka ne mai duhu, yana da kusurwoyi, kamar ɗan tsakuwar da aka fasa. Ka zuba kaɗan a tafin hannu ka murza da yatsa: gurguzu yana mirginawa, irin rama yana tokarewa.

Akwai wani abu guda da ya kamata a sani domin kada wani ya ce na rufe ƙofa duka. A Indiya da Tailan ana noman wata irin yakuwa doguwa domin zarenta kawai. Ƙoƙonta ba ya yin naman kirki, jikinta ma yakan yi kaushi. A Indiya zarenta da na rama suna ɗaya ake kiransu a kasuwa, watau mesta. Amma yakuwar gidajenmu ba ita ba ce, alamun da na lissafta sun isa a nan ƙasar.

'Yar'uwarsu ta daji

Yanzu mu zo ga ta ukun. A fadama, da bakin rafi, da tsohuwar saura, akwai wata mai fitowa da kanta kowace damina, da fure irin nasu sak. Sunayenta sun bambanta daga gari zuwa gari: waɗansu su ce ramar rafi, waɗansu yakuwar daji, waɗansu yakuwar ƙaya, akwai kuma masu ce mata ƙarama mowa. Dubi yadda sunayen kansu suka rabu, rabi sun ba rama ita, rabi sun ba yakuwa. Wani likita mutumin Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara irin waɗannan sunaye na Hausa cikin wani ƙaramin littafi da aka buga a 1916. A 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yanzu masu bincike suna komawa gare su.

Rarrabe wannan ta daji da yakuwa ba wuya, gama tana da ƙaya, ƙoƙonta kuma ba ya nama. Tsakaninta da rama ne aikin yake, musamman ramar da ta yi gyauro a daji ta rame saboda rashin taki. Masana kansu sun daɗe suna jayayya a kai. Waɗansu sun ɗauke ta rama ce kawai da ta zauna a daji. Amma tun 1849 wani masani Baturen Ingila, Joseph Hooker, ya ba ta suna nata na kanta, Hibiscus asper, cikin littafin tsire-tsiren da ya biyo bayan tafiyar jiragen ruwa a kogin Kwara ta 1841. Ma'anar kalmar asper da Latin ita ce mai kaushi. Yau galibin masana sun yarda iri biyu ne dabam, kusa ƙwarai da juna.

Ga yadda nake rarrabe su. Da fari in shafa ganyen kansa, ba kara kaɗai ba. Ganyen rama kusan sumul yake, ƙayar tana jikin kara da tsinken ganye. Ganyen ta daji kuwa duk jikinsa kaushi ne, kamar harshen saniya. Na biyu in dubi gefen ganyen. Na rama yana da haƙora kamar zarto, a miƙe. Na ta daji sau da yawa yatsunsa suna da lanƙwasa, suna shiga suna fita kamar tafiyar maciji a kan yashi. Na uku, wanda ya fi duka, in juya furen in nemi farin gashin nan mai kamar saƙar gizo a jikin ƙoƙon. Idan yana nan a kwance fari fat, rama ce. Idan gashi mai tauri ne kawai ba farin lulluɓi, 'yar daji ce. Ba ta kuma cika wuce mita 2 ba.

Ita ma ana cin ganyenta a ƙasashen Sahel da dama, ana kuma samun ɗan zare a ɓawonta. Sai dai tana bukatar a tsinki ɗanyen toho, a tafasa sosai, domin tsohon ganyenta yana kartar maƙogwaro.

Me ya sa za mu damu?

Mai karatu zai iya cewa, tun da duka ana ci, ina ruwan wani da sunansu? Bari in ba da dalilai daga abin da na gani da idona.

Ina da wajen shekara 10 sa'ad da aka yi farin 1973. Rumbuna suka ƙare tun kafin sabon hatsi ya nuna alama, sabon ma bai zo da abin kirki ba. Abin da ya riƙe gidanmu a watannin nan shi ne ganye. Inna takan ɗebi tsaki tafi biyu kacal, ta cika sauran tukunya da rama ko tafasa ko yaɗiya, a yi fate mutum goma su ci. A lokacin na gane amfanin ilimin Kaka. Yakuwa ba ta cika ciki haka, tsaminta ya yi yawa, sai dai a sa kaɗan domin ɗanɗano, ko a kashe tsamin da kanwa. Rama ce ake dafawa da yawa, a zubar da ruwan farko, a matse, in an sami ƙuli-ƙuli a yi kwaɗo. Da ramar gona ta ƙare, mata suka gangara fadama neman 'yar dajin. Matar da ta san ganye ta koma gida da kwando cike. Wadda ba ta sani ba sai ta bi bayan wadda ta sani. Aka sake ganin irin wannan a 1984. Ba na fatan jikokinmu su ga irin waɗannan shekaru, amma wanda ya tanadi ilimi bai yi asara ba.

Dalili na biyu shi ne shuka. Wani maƙwabcinmu ya ji ana samun kuɗi a zoɓo, ya je kasuwa ya auno iri a wurin wani mai awo wanda bai sani ba. Ya shuka kusan rabin gonarsa. Tsiron ya fito kore shar, yana ta murna. Sai da Oktoba ta yi ya ga kashi mai yawa ya miƙe sama ya wuce kansa, ba ko ƙoƙo ɗaya mai nama. Irin a gauraye yake da na rama. Ya sami igiya da ganyen kwaɗo, amma kuɗin makarantar yara da ya ƙwallafa rai a kai bai samu ba. Damina kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara. Da an murza irin nan a tafin hannu tun a kasuwa, da magana ta ƙare a wurin.

Dalili na uku ya shafi mutunci. Sunan da Linnaeus ya ba rama ma'anarsa mai kama da wiwi, domin ganyenta mai yatsu sirara ya yi kama da na wannan mugun tsiro. Na san wata gwauruwa a unguwarmu a birni wadda ta shuka rama a bayan ɗakinta. Wani baƙo ya leƙa ta kan katanga, ya tafi yana baza magana. Sai da dattawan unguwa suka zo suka duba kafin bakin mutane ya mutu, amma matar ta kwana biyu ba ta fita ba don kunya. Bambancin a fili yake ga wanda ya sani. Yatsun ganyen wiwi kowane a rabe yake har gindi, na rama kuwa a haɗe suke daga ƙasa kamar yatsu a jikin tafin hannu. Wiwi yana da wari mai ƙarfi, ba shi da ƙaya, ba ya kuma yin babban fure mai jan ciki. Rama ba ta da abin sa maye ko kaɗan, ba su ma haɗa dangi ba. Jahilcin ganye ɗaya ya kusa ɓata sunan baiwar Allah.

Kowace da aikinta

Arzikin rama yana cikin ɓawonta. Mahaifina yakan sare ta sa'ad da ta fara fure, gama a lokacin zaren ya yi ƙwari bai kuwa tsufa ba. Wadda za a yi ɗaurin jinka ko danga da ita, sai a ɓare ɓawon ɗanye a shanya. Wadda ake so ta yi laushi kuwa, sai a ɗaure dami-dami a danne a kududdufi wajen mako biyu, har naman ɓawon ya ruɓe, a wanke, farin zare ya fito. Da rani tsofaffi su zauna a inuwa suna tufka: igiyar guga, da dabaibayi, da ragaya. Karan da ya rage fari ne, ba nauyi, yana kama wuta da sauri, mata suna son sa wajen hura murhu. A shekarun 1960 har an kafa masana'antun buhu a Jos da Badagry da niyyar amfani da irin wannan zare, kafin buhun roba ya cika kasuwa. A waɗansu ƙasashe ana yin takarda da rama.

Arzikin yakuwa kuwa yana cikin ganye da ƙoƙo da iri. Ganyen ya shiga miyar taushe da fate. Farin zoɓo ya shiga miya. Gurguzu a dafa shi, a rufe ya yi kwanaki, a yi daddawar batso. Jan zoɓo kuwa ya zaga duniya. A Sudan da Masar ana ce da shi karkade, a Senegal bisap, a Ghana sobolo. A tsibirin Jamaika shi ne abin shan Kirsimati, da citta a ciki kamar yadda muke yi. Mutanen Meziko suna shansa ƙwarai, suna kuwa cikin manyan masu sayen wanda ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina.

Likitoci ma sun dube shi. A 2010 masu bincike na Jami'ar Tufts a Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha kofi 3 na ruwan zoɓo kowace rana har mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da wajen 7. Waɗanda aka ba wani abin sha mai kama da shi, tasu ta sauka da wajen 1 kawai. Wannan abin farin ciki ne, amma taimako ne kaɗan. Mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye maganinsa saboda zoɓo, mai juna biyu kuma ta tambayi ma'aikatan asibiti kafin ta mai da shi abin sha na kullum. Sukarin da muke zubawa a ciki ma yana iya cinye amfanin.

Shawara ga iyaye

Ilimin nan ba a allo ake koyonsa ba, kuma ba ya bukatar kuɗi. Idan kuna da ɗan fili a bayan gida, ko da tsohon bokiti ne biyu, ku shuka rama a ɗaya, yakuwa a ɗaya, da farkon damina. Ku ba yara aikin ban ruwa da cire ciyawa. Kafin a shuka, ku sa su murza irin a hannu. Bayan wata guda su shafa kara. Da kaka su juya furen su ga wanne ƙoƙo ne yake kumbura, wanne ne yake da farin gashi. In kun je ƙauye hutu, ku roƙi wata tsohuwa ta gangara da su fadama ta nuna musu 'yar dajin, ta faɗa musu sunan da ake kiranta a garinku, gama sunayen nan suna ɓacewa tare da masu su.

Wajen ajiyar iri kuma, ku sussuke kowace a rana dabam, a kan tabarma dabam. Ku bari ya bushe sarai, ku zuba cikin kwalba ko gora da ɗan toka saboda ƙwari, ku rubuta suna da shekara a jiki. Wanda zai saya a kasuwa ya sayi wurin wanda ya sani, ya kuma duba da idonsa kafin a ɗaure leda. Matambayi ba ya ɓata. Idan ka tarar da tsiro a bakin hanya ka rasa ko wacece a cikin ukun, ka tsinko reshe guda mai fure da ganyen sama da na ƙasa, ka kai wa tsohuwar da ta fi kusa da kai. Za ta karɓa da murna, mai yiwuwa ma ta ƙara maka da labarin yadda ake dafa ta.